Ni Ke Riƙe da Amsoshin Yaya

Litinin, 2 ga wata, bayan Azahar

Yau Turanci ya shigo mana gida da takalminsa. Wani siririn malami Yaya ta ɗauko, wuya kamar na kwalba, jan biro uku a aljihun gaba. Uku! Ko mahauci wuƙa biyu yake riƙewa. Tun kafin ya zauna na raɗa masa suna Jan Biro.

Asibitin su Yaya ne ya fito da sabuwar doka. Duk mai aiki a ɗakin marasa lafiya da ba shi da takardar Turanci zai zauna jarrabawa ranar ashirin da takwas. Wanda ya kai maki hamsin ya ci gaba da aikinsa, wanda bai kai ba a mayar da shi ɗakin wanki. Shekara goma sha ɗaya Yaya tana wanke ciwo, tana juya tsofaffi a gado, jijiyar da likita ya nema ya rasa ita ake kira ta samo. Yau an ce sai ta san inda ake cewa “iz” da inda ake cewa “a”. Kamar mai gyambo zai tsaya tambayarta.

Na kai wa Jan Biro ruwa. Ya ce, “Ƙanwarki ce? Aji nawa take?”

Yaya ta ce, “Wannan? Allo kawai ta yi.”

Kawai. Izu arba'in da biyu a kaina, ni nake bin yara hadda a wurin Malama, amma kawai.

Ya ba ta wani littafi mai tambaya ɗari huɗu. Ya farke shafukan amsa na baya, ya ce kada ta kuskura ta leƙa, a ba wani ya riƙe. Ya dube ni ta saman gilashi. “Ta dai san A, B, C, D?”

Yaya ta ce, “Malam, ai ko aku ka ba shi harafi huɗu zai riƙe.”

Suka yi dariya. Ni ma na yi. Na karɓi takardun da hannu biyu.

Talata, 3 ga wata, bayan La'asar

Mun fara. Tana kan kujera da littafi, ina ƙasa da takardun amsa. Ta karanta tambaya, ta ce B, in duba lamba in ce daidai ko kuskure. Bin hadda ne sak, sai dai ba lada.

Na ce ta ɗan bayyana min abin da ake ta wahala a kai. Wai idan mutum ɗaya ne ya yi aiki, sai a liƙa wa aikin “s” a wutsiya. Idan mutane da yawa ne, a cire. Na ce to mutum ɗaya ya fi jama'a ke nan? Ta ce haka dokar take. Na ce wa ya kafa ta, kuma a buge yake? Ta yi tsaki.

Akwai kuma na tarko. A ce “akwatin allurai”. Allurai da yawa ne, amma akwati ɗaya ne, to akwatin za ka bi. Mutanen da suka zauna suka shirya wannan don su kayar da matar da ta kwana tsaye a kan mara lafiya, Allah Ya isa tsakaninsu da ita.

Talatin da ɗaya cikin arba'in. Ta iya, ba laifi. Ban gaya mata ba.

Alhamis, 5 ga wata, da hantsi

Yau lokuta. Mu mun san jiya da yau da gobe, mun zauna lafiya. Su goma sha biyu gare su. Akwai abin da ya wuce. Akwai abin da ya wuce amma bai gama wucewa ba. Akwai abin da ya wuce kafin wani abin ya wuce. Akwai ma wanda bai zo ba tukuna amma an riga an san zai wuce. Na ce Yaya, wannan ai ba yare ba ne, bayanin mai gyaran rediyo ne idan ka je karɓar kayanka.

Umma ta yi dariya har ta ajiye tsintsiya. Yaya ko murmushi. Ta ce, “Auta, ki bar shirme, karatu na gaske nake yi.”

Na gaske.

Talatin da uku.

Juma'a, 6 ga wata, bayan La'asar

Sabon babi, lamba goma sha huɗu. Takarda ta ce C. Yaya ta ce C.

Ni kuma na faɗi abin da na faɗa: kuskure.

Da kun ga fuskarta! Ta kawo littafin dab da hanci, ta nisantar, ta sake karantawa da yatsa. “Kin tabbata?” Na ce, “Ni aku ce, abin da na gani nake faɗa. In gardama za ki yi, ga littafi nan, ki yi da shi.” Ta ce a'a, ba a gardama da littafi. Sai da na shiga banɗaki na toshe baki da gyale.

Ya fi na ranar da na sa wa Kawu ƙadangare a hula. Ya fi na musanya takalman baƙin Umma. Wancan duk ihu ne na minti ɗaya. Wannan shiru ne, kuma ana gode maka.

Na ƙara biyu kafin mu tashi, don kada goma sha huɗu ta yi kaɗaici.

Asabar, 7 ga wata, da safe

Jan Biro ya turo saƙo: an kira shi gyaran takardun jarrabawa wani gari, ba darasi sai bayan mako biyu. A ci gaba da littafi, in ji shi, littafi ma malami ne.

Haka ne, Malam. Sauka lafiya.

Lahadi, 8 ga wata, bayan Azahar

Tara yau. Wasa ne.

Talata, 10 ga wata, bayan La'asar

Abin da ban zata ba: Yaya ta sayi ƙaramin littafi mai bango kore. Duk inda na ce kuskure, sai ta zauna ta nemo dalili. Kuma tana samowa! “Oho, ashe idan akwatin ya zo a farko, allurai ake bi.” Ta rubuta. “Ashe idan an ambaci jiya amma mutumin yana raye, has ake sawa.” Ta rubuta, ta ja layi biyu.

Ni da ban san kalma goma ta Turanci ba, ga shi ina kafa masa dokoki. Shafi huɗu zuwa yau. Su masu yaren ma ina jin haka suka yi: wata ce ta riƙe takarda tana jin haushin yayarta.

Abin da ke ba ni mamaki da 'yan boko ke nan. Kunnenta ya gaya mata gaskiya, bakinta ya gaya mata, shekara goma sha ɗaya tana jin likitoci na magana. Amma da an ce “littafi ya ce”, shi ke nan, ta ninke hankalinta ta sa a jaka.

To mu ma haka aka koya mana, in an bi ta nan. Mai karantawa ba ya ja da mai riƙe da littafi. A gida ɗaya muka tashi.

Ba ruwana dai.

Alhamis, 12 ga wata, bayan La'asar

A wurin Malama wata yarinya tana kawo min hadda, ta tsallake rabin aya ta faɗa wata mai kama da ita. Ƙawarta da ta bi ta da safe ba ta tsayar da ita ba. Malama ta kira ƙawar, ba yarinyar ba. Ta ce, “Ita ba ta gani, ke kike gani. Idonta ta ba ki aro. Kuskuren da kika bari ya wuce a bakinta zai zauna, amma a wuyanki za a neme shi.”

Wannan maganar Littafin Allah ce. Ba ta shafi has da had na Turanci ba.

Na ce wa Yaya kaina na ciwo, ba mu yi karatu ba.

Asabar, 14 ga wata, da safe

Daga gobe na daina. Ya isa haka, dariyar ma ta tsufa.

Litinin, 16 ga wata, bayan Magariba

Na daina. Ga abin da ya biyo baya.

Tambaya irin ta akwatin allurai ta fito. Yaya ta buɗe koren littafinta, ta bi dokar da ta rubuta, ta ce A da ƙarfinta. Takarda ta ce B. Na ce kuskure, B ne.

Ta ɗago. “Kamar yaya B? Makon jiya irinta kin ce min…” Ta fara juya shafuka baya.

Na ce, “Au, tsaya, layi na tsallake. A ne. Daidai.”

Ta sauke ajiyar zuciya. “Kin tsorata ni, Auta. Ki riƙa sa yatsa.”

Yanzu in ta faɗi kuskure dole in ce daidai. In ta faɗi daidai kuma, ya danganta da abin da na ce ran Juma'a, da Lahadi, da Talata. Duk ina riƙe da su a ka, lamba da harafi. Kan da aka ce allo kawai ya yi.

Talatin da shida, a bakina. A takarda ban ƙirga ba.

Laraba, 18 ga wata, da hantsi

Ta manta katin aikinta, Umma ta ce in kai mata. Ban taɓa wuce ƙofar ɗakinsu na asibiti ba sai yau.

Wani tsoho ya ƙi kowa. Nas biyu masu takarda, masu Turanci har a hanci, suna tsaye nesa da gado kamar zai cije su. Yaya ta zo ta ce, “Baba, yau ma rigima? To juya min, in ka yi kuka ba zan gaya wa kowa ba.” Ya juya yana zaginta yana dariya. Ta cire bandejin a hankali. Ni na kalli silin.

A hanyar fita na ɓata, na sauka ƙasa. Ashe nan ne ɗakin wankin. Ba taga. Injin wanki uku, biyu sun mutu, ana yi da hannu. Tururi da warin magani, zannuwa tsibi guda da abin da ba zan rubuta ba a jikinsu. Wata mata ta ɗago ta ce, “Wa kike nema?” Na ce ba kowa.

Wanda ya kawo dokar nan, da za a ba ni shi awa ɗaya. A nan zan zaunar da shi ya jera min lokutansa goma sha biyu.

Juma'a, 20 ga wata, bayan La'asar

Ta sayo min gyale. Wai ladan riƙon takarda. Launinsa ma bai yi min ba.

Asabar, 21 ga wata, bayan Azahar

Jan Biro ya dawo, ya kira Yaya ajinsa ya haɗa ta da ɗalibansa, ya yi musu gwaji.

Goma sha huɗu cikin arba'in.

Ta shigo ba sallama. Ta zauna bakin gado da jaka a kafaɗa, takalmi a ƙafa. Umma ce ta ja maganar da kyar. Wai ya ɗauki koren littafin ya karanta wa 'yan aji dokokinta ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a yi dariya. Yara sa'o'ina. Wai ya ce a shekara ashirin na koyarwa bai taɓa ganin wanda ya ƙirƙiro nasa Turancin ba. Wai ƙwaƙwalwa in ta haura talatin sai haƙuri.

Siririn banza. Da biro uku. Mace ta fi ka aiki, ta biya ka, ka tafi yawon gyaran takarda mako biyu, ka dawo ka mai da ita abin dariya? In da ina wurin da ya san ni. Kujerarsa kawai nake bukata da minti biyu.

Umma ta ce, “To ai a gida kina ci.”

Yaya ta ce, “Nan ina da Auta ne. Can ni kaɗai, sai kaina ya juye.” Ta dube ni. “Da ke aka sa boko, Auta, da tuni kin wuce nan. Ke kin fi ni kai. Baba ma ya sha faɗa, Allah Ya jiƙansa. Ni naci kawai gare ni.”

Na ce zan ɗora ruwan zafi. Akwai ruwan zafi a fulas.

Jan Biro ya ce ta kawo masa shafukan amsar ran Litinin, wai ko masu buga littafin ne suka yi kuskure.

Lahadi, 22 ga wata, da safe

Takarda ce. Ruwa na iya zubowa a kanta. Akuyar maƙwabta na iya shigowa. Ana rasa abubuwa a gidan nan kullum.

Na fito da su daga ƙarƙashin katifa sau uku na mayar.

In sun ɓace, za a ce laifin masu bugawa ne. Ta shiga ran Asabar da koren littafinta a ka.

Lahadi, bayan La'asar

Na faɗa.

Tana guga. Na tsaya a bayanta don kada in ga fuskar. Na fara da “Yaya, kin san ni da wasa,” na ji muryata ta zama ta wata. Ban tuna yadda na ƙarasa ba.

Na jira mari. Na ma gyara tsayuwa. Ta ajiye dutsen gugar a tsaye, ta kashe soket, ta ninke rigar aikinta hannu da hannu.

Ta ce, “Tun daga ina?”

Na ce, “Goma sha huɗu. Ran Juma'ar farko.”

“Guda nawa?”

“Saba'in da ɗaya.”

“Kin san su?”

Na ce na sani. Ta ɗauko biro. Na jero mata su kamar ina kawo hadda: sha huɗu C, ashirin da biyu A, talatin da ɗaya D, har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Tana rubutawa. Da na gama ta miƙo hannu. Na ɗauka nawa take nema. Takardun take nufi.

Na ce, “Ai ke kika fara. Kika ce aku.”

Ta ce, “Na ce?”

Ba gatse ba ne. Wallahi ba ta tuna ba.

Litinin, 23 ga wata, bayan Azahar

Ta gaya wa Jan Biro wai ita ce ta riƙa duba amsar wani babi a kan wani. Ya ce ai ya sani, dama ya faɗa. Ya sani! Bai san komai ba sai cire hular biro.

Umma ba ta ji komai ba. Ta tambaye ni me ya sa ba ma zama karatu, na ce Yaya ta ce ina da surutu.

Laraba, 25 ga wata, bayan La'asar

Ita kaɗai take yi, ƙofa a buɗe. Tana rufe amsar da murfin kofi. Ina wanke-wanke ina jiyo ta. Ta karanta, ta ce B, ta ce a'a A, ta koma ta ce B ɗin dai. Da ba ta wannan. Da sau ɗaya take faɗa.

Koren littafin yana kwandon shara. Amma abin da aka ja wa layi biyu ba ya bin takarda zuwa shara.

Na ce in zo in riƙe mata. Ta ce, “Bar shi.”

Juma'a, 27 ga wata, bayan Azahar

Ashirin da huɗu, ashirin da shida, ashirin da uku, cikin arba'in. Tana hawa. Da mako ɗaya za a ƙara.

Na yi mata addu'a. Ban san ko ana karɓar irin tawa ba.

Asabar, 28 ga wata, bayan La'asar

Ta tafi da fensir biyu. Ta dawo. Umma ta ce yaya? Ta ce, “An yi.” Ta ci abinci ta wanke kwanonta da kanta.

Tambaya ɗari, awa ɗaya. Ko wanda ya haifi yaren sai ya yi gumi. Azzalumai.

Talata, 1 ga sabon wata, da hantsi

Kawu ya zo, ya bar hularsa a kan tabarma ya shiga alwala. Ya fito ya ɗaga ta ya leƙa ciki, ya girgiza, ya sake leƙawa. Ya ce, “Auta, lafiyarki kuwa?”

Alhamis, 10 ga wata, bayan Azahar

An liƙa sunaye.

Arba'in da bakwai.

Alhamis, bayan Magariba

Umma ta yi ta faɗa da asibiti, da doka, da Jan Biro, da Turawan da ba ta taɓa gani ba. Na taya ta, bakina ya fi nata. Yaya tana zaune tana yanke farce gajeru, wai can ba a barin farce.

Umma ta ce, “Ke ba za ki ce komai ba?”

Ta ce, “Me zan ce, Umma? Kaina ne bai ɗauka ba.”

Na buɗe baki. Ta dube ni sau ɗaya, na rufe. A tsakar gida ta same ni, murya ƙasa: “Hawan jinin Umma bai sauka ba. Kada ki sauke naki nauyin a kanta.”

Wai za a sake jarrabawar baɗi, in shugabanni sun ga dama.

Litinin, 14 ga wata, bayan Azahar

Yau ta fara aiki a ɗakin wanki. Ba wanda ya aike ni. Na zuba abinci a kwano na tafi, wannan karon ban ɓata ba.

Ta fito bakin ƙofar da safar roba har gwiwar hannu, gaban rigarta jiƙe. A saman bene ana ta ƙwala kira, wata nas na cewa a nemo wanda zai samo jijiyar wata mata. Yaya ta ɗaga kai ta saurara. Ta sauke.

Na shirya maganganu tun daga gida, har da wata ta ban dariya a kan wuyan Jan Biro. Na miƙa mata kwanon.

Shekara goma sha tara tana karɓar abu a hannuna. Da “miƙo nan”, da “sai yanzu?”, da dundu in na yi jinkiri.

Ta cire safar hannu ɗaya, ta karɓa. Ta ce, “Na gode. Sannu da hanya.”

Ta koma ciki ta ja ƙofa.